Tabarmar da Ban Shimfiɗa Ba

Alhamis, bayan magariba

Yau na shiga ƙungiya. Ni Maijidda! Ni da ko a gidan suna gefe nake raɓewa, yau ga ni cikin 'Yan Tabarma. Sunansu na gaskiya Ƙungiyar Inuwar Tsamiya, amma duk garin Ƙofa ba mai ce musu haka, don kowacce da tabarmarta a hammata take zuwa taro. Tun bara na nuna ina so, sai yanzu suka aiko. Na ce wa maigidana Malam anya in je kuwa, ga halin da ake ciki. Ya ce je ki sha iska Maijidda, ni zan zauna a ƙofar ɗakin har ki dawo.

A gidan Iya Ma'u ake yi, ita ce uwar ƙungiya. Tsohuwa 'yar firit, ba ta ɗaga murya, amma in ta yi gyaran murya ko kajin gidan shiru suke. A zaure akwai wata ƙwarya, duk wadda ta shigo ta jefa wayarta ciki. Matar kansila da mai daddawa, ƙwarya ɗaya! Wallahi tsayawa na yi ina kallo har aka taɓa ni aka ce wuce.

Dokokin da baki Iya ta faɗa min. Sabuwa ba ta magana a taro sai ranar da aka buɗe mata baki. Ba a kama sunan wadda ba ta wurin. Abin da aka gani a gidan 'yar ƙungiya, a zauren gidan ake ajiye shi kafin a fita. Ta ce sauran kuma idonki zai koya miki.

Har 'yar sanda gare su, mai tsare dokokin. Rufaida sunanta, yarinya ce sa'ar 'yata Bushira, aikin asibiti take. Wata babbar Hajiya ta fara cewa kun ji kuwa matar wane, sai Rufaida ta ce "Hajiya, tana nan?" Hajiya ta ce a'a. Ta ce "To ga buta." Hajiyar nan da gwal a wuya ta tashi ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana zuba mana ruwan wanke hannu, har ni. Tana yi tana dariya tana cewa Allah ya isa tsakanina da bakin nan nawa. Ni ban taɓa ganin irin wannan ba.

Na gode wa Allah da dokar rufe baki. Da wata ta ce ya mai jego, ban san me zan ce ba.

Juma'a, hantsi

Bushira ta sha kunun kanwa kaɗan.

Ita ta koya min rubutu a wayar nan tun tana budurwa, tana ta yi min dariya wai Umma kina dannawa kamar mai dakan yaji. Yanzu ita ce ba ta magana, ni ce nake ta danne-danne.

Bari in faɗa ko na samu sauƙi. Haihuwar fari ce, namiji, Imran, ni Angona nake ce masa. Lafiya ta haihu. Bayan suna aka kawo min ita daga Doguwa wankan jego. Tun da ta sauka a mota na ga idonta ba ya tsayawa a kan kowa. Ba ta ɗaukarsa. Ni nake ɗora mata shi a nono in tallafe shi har ya ƙoshi, ita kuma fuskarta na bango, hannayenta a ajiye kamar aronsu ta yi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na karɓo rubutu, na yi hayaƙi. Duk wadda ta zo barka sai in ce tana barci.

Asabar, azahar

Malam ya sa wa rijiya murfi da kwaɗo. Ba zan rubuta dalili ba.

Lahadi, bayan la'asar

Hajiya Lubabatu ta kira, uwar Ukasha mijin Bushira. Ashe da Ukasha ya zo ganin ɗansa ya koma ya faɗa mata abin da ya gani. Ba da faɗa ta yi maganar ba, ita ma abin yana damunta. Ta ce "Maijidda, ranar arba'in ina nan tafe. In har lokacin ba ta karɓi yaron ba, zan taho da jikana Doguwa, ita ku ci gaba da yi mata magani. Jariri ba ya jira."

Na ce to Hajiya, Allah ya kai mu. Me zan ce? Jikanta ne.

Amma ni na san 'yata. In aka fita da yaron nan ta zaure ba ta taɓa rungumarsa ba, shi ke nan. Ko ta warke za ta ce ai ban isa ba ne aka ƙwace. Ba za ta yafe wa kanta ba har ta mutu. Arba'in kuma ga ta nan, ba nisa.

Talata, da safe

Ina dafa ruwan wanka garwashi ya yi tsalle ya faɗa kan tabarmata ta ƙungiya. Ya huda ta, hannu zai shige. Yau ban yi wa Bushira faɗa ba sai sau biyu.

Alhamis, bayan magariba

Na yi abin kunya, kuma ban san mene ne ba.

Na makara, don Angona ya ƙi barci. Na suri tabarma na fita da gudu-gudu, sai da na jefa waya a ƙwarya na tuna da ƙunar. Na leƙa, ga tabarmi an jera masu kyau, har da irin ta Makka mai laushi. Na ce ni Maijidda in baje wannan mai rami a gaban mutane? Sai na lallaɓa na jingine ta a jikin bango a naɗe, na zauna a ƙasa can gefe, na ce ba mai lura.

Wayyo. Ana cikin hira, ana dariya, sai na ji wurin ya yi tsit. Ba wadda ta kalle ni. Bangon suka kalla, suka sauke kai. Iya Ma'u ta ce a yi salati, ta shafa fatiha, ta ce yau taro ya tashi. Ko goro ba a raba ba.

Ga baki a rufe, ba damar in tambaya. A zaure Rufaida ta miƙo min wayata da hannu biyu. Hannu biyu fa! Na dawo ina ta saƙe-saƙe. Ƙila korata za a yi. To a kore ni mana, dama ina ni ina manyan mata.

Juma'a, bayan azahar

Innalillahi. Ban san ta inda zan fara ba.

Da hantsi ina tsugune ina hura wuta na ji sallama ba ta mutum ɗaya ba. Na ɗaga kai, ga Iya Ma'u a gaba da sandarta, bayanta mata sun cika zaure. Wannan da tsintsiya, wannan da itace a ka, wannan da tukunya. Hajiyar gwal ta cire gwal ɗin ta ɗaura tsohon zane. Na miƙe na ce sannunku da zuwa, lafiya dai Iya?

Ta ce "Ke za a tambaya, kuma ba ma tambaya. Jiya kin jingine tabarma."

Ashe doka ce! Duk wadda ta jingine tabarmarta a naɗe ta zauna a ƙasa, ta ce gidana ya fi ƙarfina ke nan. Ba sai ta buɗe baki ba. Washegari a zo a ɗauke mata gidan.

Na ce Iya wallahi ƙuna ce, garwashi ne. Ta ce "To." Ta nuna min kujera 'yar tsugunno a gindin darbejiya ta ce "Zauna nan. Daga yau kin naɗe hannu. Ba shara, ba girki, ba wanki, ba ɗaukar yaro, ba cewa a yi kaza a bar kaza. Gidan namu ne sai ranar da kika shimfiɗa tabarmarki da hannunki a taro."

Na ce har yaron? Ta ce musamman yaron.

Na ce yau asirina ya tonu. Suka watsu a gidan kamar dama nan aka haife su. Wata ta ɗauki guga ta nufi rijiya, ta ga kwaɗo. Ta tsaya kaɗan. Ta ajiye gugan, ta ɗauki bokiti ta ce wa ta kusa da ita zo mu je famfon masallaci, ruwansa ya fi daɗi. Shi ke nan fa. Ko kallona ba ta yi ba.

Rufaida ta shiga ɗakin Bushira da sallama. Na kasa kunne in ji za ta ce subhanallahi. Sai na ji tana cewa "Ke mai jego, ɗan matsa in buɗe tagar nan, ɗakinki kamar tanda."

Malam kuwa an tattara shi zaure da buzunsa da rediyonsa. Ya leƙo ya ce Maijidda juyin mulki aka yi min ne? Goggo Dudu, wata Bafulatana mai nono, asalinta Burumburum, ta ce "Malam, ga fura nan, sha ka yi mubaya'a."

Na yi dariya. Rabona da dariya tun ranar suna.

Asabar, magariba

Hannuna ƙaiƙayi yake. Ban san zama wahala ba ne sai yau.

Lahadi, bayan la'asar

Ni dai kallo nake, Allah mai iko.

Ba duka suke zuwa ba, karɓa-karɓa suke. Wasu safe, wasu yamma, biyu su kwana. Ban taɓa jin wadda ta ce ke gobe ke ce ba, amma ba a taɓa rasa mutum. Ruwan wanka kan lokaci da ganyen darbejiya, kunun kanwa, gasasshen nama da yaji.

Sun fito da Bushira tsakar gida. Ni na yi ta fama ta ƙi. Su ba su ce fito ba. Goggo Dudu ce ta shiga ta ce za ta share ƙarƙashin gado, a ɗan ba ta wuri. Da ta fito sai ga tabarma a shimfiɗe a inuwa, ga tiren gyaɗa kusa da hannunta. Ba wadda ta ce ɓare. Can na ga yatsunta sun ɗauki ɗaya.

Angona kuwa yawo yake hannu zuwa hannu. Wannan ta yi masa rawa, ta miƙa wa waccan, waccan ta ce kai wannan mijin nawa rowa gare shi ko kuɗin cefane bai bari ba. In an zo kan Bushira sai a tsallake ta kamar ba komai. In lokacin nono ya yi wata ta tallafe mata shi tana hirarta da wasu. Har yau ban ji wadda ta ce mata karɓi ɗanki ba. Ni kuwa kalmar nan na fi faɗarta fiye da bismillah.

Arba'in na matsowa. Su ba sa sauri. Abin yana cina.

Talata, bayan magariba

An kore ni daga gidana yau.

Angona ne yake kuka, mai riƙe da shi tana jijjigawa, Bushira tana zaune kamar an dasa ta, ko waiwaye. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ke wace irin uwa ce? Ko akuya ta san kukan ɗanta! So kike a zo a ɗauke shi?

Ta sa hannu ta toshe kunnuwa. Ta koma ɗaki. Gyaɗar ta zube.

Rufaida ta zo gabana, ta ɗan rusuna, ta ce "Umma, ki yi haƙuri, kin karya doka. Ɗauki mayafinki." Na ce ke Rufaida, na haife ki fa. Ta ce "Ƙwarai kuwa Umma. Mayafin."

Hukuncin wai in wuni a gidan Iya Ma'u. Na tafi ina hawaye a titi ina ja wa ƙungiya Allah ya isa a zuci. Iya tana gindin tsamiya tana kaɗi. Ba ta ce min don me ba. Ta sa aka kawo min fura da matashi. Na ce ni ba barci zan yi ba. Wallahi ban farka ba sai da ake kiran la'asar.

Da na yi salla ta ce "Maijidda, tun yaushe rabonki da barci irin wannan?" Na ce tun da aka kawo ta. Ta ce "Kin gani. Tukunya biyu ne a kan wuta a gidanki, ke ɗaya kike gani." Na ce Iya arba'in ta kusa, za su tafi da shi. Ban san na faɗa ba, fitowa ta yi. Ta ci gaba da murza mazarinta ta ce "Kaza ba ta fasa ƙwai don ta matsu ta ga ɗa. Ki bar mana."

Na dawo na tarar Bushira tana waje. Ba ta kalle ni ba. Ni ma ban ce komai ba.

Laraba, hantsi

Ban ce komai ba.

Alhamis, bayan isha'i

Na je taro, na jingine tabarma. Yau da sanina.

Asabar, bayan la'asar

Jiya Rufaida da Iya suka samu Malam a zaure. Yau da safe aka ɗauki Bushira a mota zuwa wurin likita, ni aka ce in zauna. Sun dawo da magani. Rufaida ta tsuguna kusa da ni ta ce "Umma, ciwo ne kamar kowane ciwo, yana kama mata bayan haihuwa. Ba ƙiyayya ba ce, ba kuma laifin kowa ba ne. Ana warkewa, sai dai a hankali. Ku ci gaba da addu'a, ta ci gaba da shan magani."

Ciwo. Ni kuwa ina ta zaginta.

Da yamma ana ɓarar gyaɗa sai Goggo Dudu ta fara magana, ba da kowa take ba, da tiren take. Ta ce "Ni a haihuwata ta biyu, a ruga, wata uku ina jin kukansa kamar daga wani gari. Na ce ni dutse ce. Har na fita wata rana da niyyar ba zan dawo ba, wata saniyarmu ta bi ni tana ta lasar hannuna." Sai ta ce "Yanzu ga shi can ƙato, ya ishe ni da waya, Dada kin ci abinci, Dada kin sha magani."

Hajiyar gwal ta ce ni a ta fari ne. Wata daga bakin murhu ta ce ni a ta huɗu.

Na bi su da kallo. Matan nan da nake gani a biki suna taku ɗai-ɗai! Shekara da shekaru muna gari ɗaya, ba wanda ya taɓa ji. Bushira ta ɗaga kai ta kalli Goggo Dudu. Kallo na gaske, ido cikin ido.

Litinin, azahar

Ta yi wanka da kanta. Ta ce yajin ya yi yawa. Ban taɓa jin daɗin a kushe abinci ba sai yau.

Yaron dai har yanzu.

Talata, da safe

Hajiya Lubabatu ta kira, ta ce Lahadi. Na ce Allah ya kawo ku lafiya.

Alhamis, bayan magariba

Yau ba a yi taro ba, kuma in na yi kuskure a rubutun oho.

Shinkafar Malam da aka yanko suka turara jiya, yau suka shanya ta a tsakar gida, ta cika ko'ina. Rana tas. Kowa ya ce ai ruwa ya ɗauke bana. Wajen azahar sai iska ta juya, na ɗaga kai, gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin a ce wani abu an fara yayyafi manya-manya.

Wata ta ce shinkafa! Mata suka zabura, wannan buhu, wannan kwano, wannan tsintsiya. Goggo Dudu ce ke riƙe da Angona, tana zaune dab da Bushira a baranda. Ta miƙe ta ce "Riƙe min nan," ta dire shi a cinyarta ta ruga.

Ya tsala kuka. Bushira ta ɗaga hannayenta sama kamar an ɗora mata wuta. Yaro yana ta wutsil-wutsil, zanenta mai santsi ne, na ga yana zamewa a hankali wajen gwiwa.

Na yunƙura. Iya Ma'u tana kusa da ni, ban ma san ta zauna ba. Yatsa ɗaya ta ɗora min a gwiwa. Ɗaya tak. Ba ta ma kalle ni ba. Wallahi tallahi yatsan nan ya fi turmi nauyi. Jikana yana zamewa, taku uku ne tsakaninmu, ni na naɗe hannu. Na cusa su a hammata na danne. Na ciji leɓe har na ji gishiri. Ina ta Ya Hayyu Ya Ƙayyum a zuci.

Iska ta kwaso feshi ta watso barandar. Ya sauka a kansa.

Sai hannuwan Bushira suka sauko. Na dama ya tare shi ta ƙasa, na hagu ya ja mayafi ya rufe masa kai. Ta ɗago shi ta manna a ƙirji. Ta juyo ta ce "Umma, ruwa zai taɓa shi."

Da a da ne da na ce kawo shi. Bakina har ya buɗe. Yatsan nan yana nan. Na yi shiru.

Ta kalle ni, ta kalli matan suna ta fama da buhuna ba mai sauraronta. Sai ta miƙe da shi ta shiga ɗaki. Can kukan ya tsaya. Irin tsayawar da na sani, ta yaron da ya samu nono.

Ba wadda ta yi guɗa. Ba wadda ta leƙa. Suka gama kwashe shinkafa jiƙe sharkaf, Hajiyar gwal tana goge fuska tana cewa ruwan nan har cikin ido. Ƙarya take, ba ruwa ba ne.

Na ce Iya, shirya wannan kuka yi? Ta ce "Ke Maijidda, ni na aiko hadari?" Sai daga baya na tuna, tun ranar da suka zo, duk wadda ke riƙe da yaron kusa da Bushira take zama. Kullum. Jira suke kawai.

Buhu guda ya jiƙe. Malam ya ce ko duka ne.

Juma'a, la'asar

Yau ba ta ɗauke shi ba, kuka ta wuni yi. Rufaida ta ce haka abin yake, gaba biyu baya ɗaya. Na zauna kusa da ita, hannu a naɗe. Ta kwantar da kai a kafaɗata.

Asabar, hantsi

Ta canza masa tsumma. A karkace ta ɗaura. Na bar shi a karkace.

Lahadi, bayan magariba

Sun zo, Hajiya Lubabatu da Ukasha da wata ƙanwar babansa. Na ga sabon majanyi a saman jakar Hajiya, na san me ya kawo shi.

'Yan ƙungiya suka tarbe su kamar dangi, ga dambu ga fura. Ba wadda ta ce uffan kan komai. Bushira ta fito ta durƙusa ta gaishe su, murya ƙasa-ƙasa. Ta rame, kowa ya gani. Hajiya ta karɓi yaron daga hannun Goggo Dudu tana cewa maigidana ka ƙi zuwa ka gan ni ko, an riƙe min kai a Ƙofa. Tana wasa da shi, amma idonta na kan uwar.

Ya fara ƙananan kuka. Hajiya ta jijjiga, ya ƙara. Ni dai na tusa hannu a hammata.

Bushira ta matso da gwiwa ta ce "Hajiya, kawo shi. Ba jijjiga yake so ba, a kafaɗa yake so."

Hajiya ta miƙa mata. Ta ɗora shi a kafaɗa tana ɗan bubbuga bayansa, ya yi gyatsa, ya yi shiru. Ukasha ya sunkuyar da kai ya fita zaure wai zai duba mota.

Hajiya ta bi uwa da ɗa da kallo. Can ta jawo majanyin ta ajiye a gaban Bushira ta ce "Na zo da shi ne in yi goyo. To ga mai goyon nan." Ta juyo ta ce min "Maijidda, su ƙara kwana biyu a wurinki, su biyun, sai ta yi ƙarfi. Ba sauri." Na ce mun gode Hajiya, Allah ya bar zumunci. Da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce wai matan nan duk 'yan uwanki ne? Na ce eh.

Alhamis, bayan magariba

Na shimfiɗa ta. Da raminta da komai, a tsakiyar masu laushi, na zauna a kai daram.

Iya ta ɓare goro ta ba ni rabi ta ce "Maijidda, yau bakinki a buɗe yake. Me za ki ce wa 'yan uwanki?"

Tun jiya nake shirya godiya, duk ta gudu. Abin da ya fito shi ne, ni fa wallahi ranar farkon nan ƙuna ce ta hana ni shimfiɗawa.

Wurin ya kwashe da dariya. Hajiyar gwal ta ce ni tawa jiƙewa ta yi. Goggo Dudu ta ce ni akuya ce ta yi wa tawa fitsari. Rufaida ta ce ni cinnaku ne a cikin tawa. Iya ta ce "Tun da aka kafa ƙungiyar nan ba a taɓa samun wadda ta jingine don tana da damuwa ba. Kullum laifin tabarma ne."

Na yi dariya har da hawaye, daga nan kuma hawayen suka ƙi tsayawa, aka bar ni na yi abina.

Bushira tana shan maganinta. Wata rana da daɗi, wata rana ba daɗi. Kwaɗon yana nan a rijiya tukuna, ba ma sauri. Da zan fito yau na bar ta tana gwada majanyin a gaban madubi, tana ce wa Malam Baba duba min ko kansa ya karkace.

Ana shirin raba goro sai wata ta shigo a makare. Ba zan rubuta sunanta ba. Mace ce da in ta wuce a titi ake cewa wannan ba ta san matsala ba. Ta tsaya, ta dubi tabarmarta kamar ta ga wani abu a jiki, ta jingine ta a bango, ta zauna a ƙasa.

Wurin ya yi tsit. Na kalli bangon, na sauke kai tare da kowa.

Na riga na ware tsintsiyata mai kyau na ajiye a zaure. Hannun nan ya gaji da naɗewa.